Katin mutuwel ɗinmu da yaron da ya wuce shekara 5

Iyaye da yawa a makarantarmu da unguwarmu suna tambayata ko katin mutuwel ɗin nan na malaman makarantun kuɗi ya cancanci abin da ake cirewa a albashi. Ina ce musu ya cancanta, in dai ciwon yaronka irin wanda ake gamawa da shi ne a nan Damagaram. Amma ranar da likita ya ajiye biro ya ce sai an kai yaron gaba, wurin ƙwararru, daga nan katin ba ya tare maka komai sai kaɗan. Ni uwa ce ta yara uku, na tsakiyan yana da sikila, shekararsa 7 yanzu. Na ga katin nan a inda yake da ƙarfi, na kuma gan shi a inda ya gaza, kuma duka biyun zan faɗa.

Mutuwel ɗin ba kamfanin inshora ba ne. Asusu ne na taimakon juna da malaman wasu makarantu masu zaman kansu suka haɗa, su ne kuma suke zaɓen masu riƙe shi. Ana cire jika ɗaya da rabi a kan kowane kai duk wata. Mu biyar ne a gida da maigida, jika 7 da rabi ke nan kafin albashi ya iso hannuna. Sabon shiga sai ya yi wata 3 yana zubi kafin katinsa ya fara aiki. Bayan nan asusun yana ɗaukar kashi 70 cikin 100 na kuɗin ganin likita da gwajin labo da hoto da gado da magungunan da ke cikin jerinsu, kai ka cika sauran 30. Iyakar abin da za su kashe wa mutum ɗaya a shekara jika 200 ne. Sun ƙulla yarjejeniya da farmasi biyu a cikin gari, can kake miƙa ordonansi da kati a ba ka magani ka biya kasonka kawai.

Wani zai ce ai maganin yara kyauta ne a ƙasar nan, me ya kai ni ga zubi. Gaskiya ne, tun 2006, zamanin Tandja Mamadou, aka ɗauke wa iyaye kuɗin maganin yara ƴan ƙasa da shekara 5 a asibitocin gwamnati, tare da awon ciki da fiɗar haihuwa. Duk uwar da ta taɓa riƙe jariri mai zazzaɓi da tsakiyar damina babu ko dala a ɗaurin zaninta ta san darajar wannan doka, ni ma ɗana ya ci moriyarta sosai. Matsalarta sananniya ce, kowa ya ji ta a rediyo: asibiti yakan yi aikin, ya tura takardu, kuɗin gwamnati ya daɗe bai dawo ba, bashi ya taru, kantar maganin asibitin ta bushe. Sai ganin likita ya zama kyauta, amma a miƙo maka ordonansi ka tafi farmasin waje. Don gyara wannan ne aka kafa INAM, hukumar tallafin magani ta ƙasa, ta riƙa tantance takardun tana biya. A wannan giɓin katin ya fara yi mini amfani tun autata tana goye, domin maganin da aka ce babu a asibiti ina samunsa a farmasin yarjejeniya da kashi 30.

Babban abin da ya sa na riƙe katin shi ne shekara 5 ɗin kanta. Ranar da yaro ya cika ta, kyauta ta ƙare, sikila kuwa ba ta san da wannan lissafi ba. Likitar yaran da ke duba ɗana ta zaunar da mu ta yi mana bayani cewa wasu daga cikin manyan haɗurran cutar suna bin yaro har bayan wannan shekarun: shanyewar ɓarin jiki, wadda ake sa wa ido daga shekara 2 zuwa 16, da lalacewar kan ƙashin ƙugu, da ciwon ƙirji mai hana numfashi. Wato yaron yana cikin bukatar idon ƙwararre lokacin da sunansa ke fita daga jerin waɗanda gwamnati ta ɗauke wa nauyi. Haka abin yake ga mai farfaɗiya da mai ciwon zuciya da mai ciwon suga na yara.

An samu sauƙi a 2024. A watan Agusta gwamnatin Janar Abdourahamane Tiani ta rage rabin kuɗin ayyukan asibitocin gwamnati, aka fara aiki da shi ranar 1 ga Satumba. Haihuwa ta zama kyauta, aka kuma soke jika 150 da ake karɓa a hannun masu fara wankin ƙoda. Na ga bambancin a takardun biyanmu, ba labari aka ba ni ba. Kuɗin gado da na ƙirgen jini, wanda muke yawan yi, sun sauka, kashi 30 ɗinmu ma ya sauka tare da su.

Wani daren Juma'a cikin hunturun bara yaron ya farka da kuka yana riƙe da gwiwoyinsa. Na haska fitila, leɓunansa sun yi fari, idonsa ya yi ruwan ɗorawa, jiki zafi rau. Ɗora shi a kan babur cikin wannan iska ƙara masa ciwo ne, sai maigida ya buga wa maƙwabcinmu mai adaidaita ƙofa, muka naɗe yaron da bargo biyu. Majon da ke aikin dare bai ɓata lokaci ba. Ya buɗe tafin hannun yaron, ya ja fatar ƙasan idonsa, ya danna cikinsa ta hagu yana neman saifa.

"Malama, jininsa ya yi ƙasa sosai. Za mu sa masa ruwa da maganin ciwo yanzu, amma a fara neman masu ba da jini. Ina maigidan?"

A wurin biyan kuɗi aka tsaya. Dokar mutuwel ta ce ba a kwantar da marar lafiya a kan katinsu sai da takardar amincewa mai sa hannun ma'aji, ofishinsu kuwa ɗaki ne guda a wata makaranta, a rufe yake daga Juma'a da rana har Litinin. Mai karɓar kuɗi ya ce in biya duka, in je in nemi nawa daga baya. Abin da ke jakata bai kai ba. Ƙarfe ɗaya saura na dare na kira ma'ajin, wani dattijon malamin lissafi da ya koyar da rabin matasan Birni.

"Baba, ku gafarce ni, na tashe ku. Yaron ne aka ce za a kwantar."

"Subhanallahi. Ƴata, koma wurin yaro, takarda aikina ce. Ba wa mai kuɗin lambata."

Kafin a gama ɗaura wa yaron ruwa hoton takardar da sa hannu da hatimi ya shigo ta WhatsApp, aka karɓa. Allah ya saka wa wannan bawan Allah da alheri. Sai dai ina faɗa a nan, kamar yadda na faɗa a gabansa, bai kamata kwanciyar yaro da tsakar dare ta rataya a kan ko wayar mutum ɗaya tana da caji ba. Ciwon gaggawa ya kamata a karɓe shi da kati kawai, takarda ta biyo baya.

Jini kuwa babu katin da ke saye. Ni da maigida dukanmu AS ne, wato muna ɗauke da ƙwayar sikila ba mu da ciwon, an fi son a ba mai sikila jinin da babu sikila a cikinsa, don haka sai an nemo wasu. Ƙanena ya zo daga Garin Malam, yaran shagon maigida biyu suka taso daga wajen Kasuwar Dole tun kafin kiran assalatu. Kuɗin mai da shayi da madarar da aka saya musu daga aljihunmu suka fita, kuma da daɗin rai muka fitar. Da aka sallame mu lissafin asibiti da magani ya tashi jika 50, muka biya 15. A ƙarshen wata, ga gidan da ke rayuwa da albashin makarantar kuɗi da cinikin kayan babur, jika 35 da aka ɗauke mana su ne suka hana mu cin bashi. A irin wannan ciwon ban da abin cewa sai yabo. Gwajin gano nau'in jini ma sun biya wa sauran yaran biyu, babbar AA ce, autar AS, hankalina ya kwanta ta wannan ɓangaren.

Bayan wannan kwanciyar likitar ta ce ciwon yana tasowa kusa da kusa, folik asid da gidan sauro da yawan shan ruwa ba su isa ba kuma. Tana so a ɗora shi a kan Hydrea, maganin da ke rage yawan tashin ciwon da yawan ƙarin jini, kuma tana so a yi masa hoton jijiyoyin kai da ke nuna ko yana cikin haɗarin shanyewar jiki. Ta rubuta mana takardar turawa zuwa cibiyar masu sikila ta ƙasa da ke Yamai.

Na kai takardar ofishin mutuwel. Sakatariyar ta karɓe ni da fara'a, ta buɗe littafin dokokinsu ta karanta mini. Ganin likita da gwaji a asibitin gwamnati ko'ina a Nijar suna ciki, amma a wajen Damagaram kai za ka biya, ka kawo rasit a mayar maka da kashi 70. Kuɗin mota ba ya ciki. Masauki ba ya ciki. Abincin mai jinya ba ya ciki. Hydrea ba ya ciki, domin an ware shi cikin magungunan da ake sha na dogon lokaci.

"Yaya, wallahi ba ni na rubuta ba," in ji ta. Na san ba ita ba ce, mu ne muka ɗaga hannu a taro aka amince da shi, lokacin da kowa yake tunanin zazzaɓin cizon sauro da haihuwa.

Tsakanin Damagaram da Yamai kusan kilomita 900 ne. Wanda bai taɓa yin wannan hanya da yaro mai sikila ba zai ɗauka tikiti ne kawai abin lissafi. Motar tana tashi tun da duhu. Sanyin na'urar cikin bas, wanda sauran fasinja ke jin daɗinsa, shi ne abin tsorona, domin sanyi yana tayar masa da ciwo. Na sa masa safa da hula da rigar sanyi, na toshe ramin iskar da ke saman kujerarmu da ɗankwali. Dole ya yi ta shan ruwa, wanda ya sha ruwa kuma dole ya nemi fitsari, direba kuwa yana da wuraren tsayawarsa. Tsakanin Tasawa da Maraɗi na je gaba na roƙi yaron mota, ya yi wa direban magana aka tsaya mana a bakin hanya. Wata Hajiya da ke kujerar bayanmu, da ta ji abin da ke damun yaron, ta miƙo bargonta ta ce in ƙara masa. Daga Birnin Ƙonni ya fara cewa bayansa, na ba shi maganin da likita ta ce in riƙe a jaka, na yi ta shafa masa ina karanta abin da ya zo bakina har Dogon Dutsi, inda barci ya ɗauke shi. Mun wuce Doso da dare, muka shiga Yamai jikinmu duk ya mutu.

Mu mun yi sa'a, ƴar yayar mahaifiyata tana aure can, ita ta sauke mu. Duk da haka sai da aka haɗa da taksi kullum, da jiran sakamako, da ɗan abin da za ka riƙe wa masu gida don ba a shiga gidan mutane hannu rabbana. Maigida ya rufe shago bai rufe ba, yana turo kuɗi ta Nita. Ni kuma makaranta ta nemo wanda zai riƙe ajina, aka cire daga albashina. Da na dawo na zauna na tara lissafin, abin da aka kashe a gaban likita da labo, wanda mutuwel ke mayar da kashi 70 ɗinsa, bai kai kashi ɗaya cikin huɗu na abin da tafiyar ta ci ba. Ragin da gwamnati ta yi da taimakon katin duk sun sauka ne a kan ƙaramin ɓangaren. Babban ɓangaren, wato hanya da zama da maganin kullum, yana nan a wuyan iyaye yadda yake tun da.

Kuɗin rasit ɗin sun dawo, amma sai da wata ya zagayo har sau biyu, domin kwamitin ba ya zama sai ƙarshen wata. Rasit guda kuma suka ƙi karɓa, irin siririyar takardar nan ta inji da zafi ke goge rubutunta. Duk mai wannan kati ya yi hotokwafin rasit ranar da aka ba shi, ko ya ɗauke shi a waya, ya kuma tabbatar an buga hatimi da sunan yaron yadda yake a kati.

Wasu za su ce me ya hana mu Kano, tunda ba ta kai kilomita 250 ba, ga asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano, ga masu sikila da likitocinsu da yawa. Mutanen Damagaram sun daɗe suna bin Matamai su shiga Daura su wuce, kuma ba don son yawo ba ne. Katin dai ba ya ƙetare iyaka, ko rasit ba sa dubawa. Kuma abin da ya faru bayan juyin mulkin Yuli 2023 ya koya wa iyaye darasi: aka rufe iyaka, magani ya yi wuya, sai a watan Maris na 2024 aka buɗe. Wanda likitan ɗansa yake can a wannan tsakanin shi ya san abin da ya gani. Maganin da ake sha kullum ana bibiyar jini a kansa yana bukatar likitan da za ka iya kaiwa gare shi ko da me ake ciki.

Yanzu yaron yana shan Hydrea, a nan gida ake yi masa ƙirgen jini likitarsa tana dubawa, mutuwel na biyan kason gwajin. Maganin mu muke saye, wani lokaci sai an yi odarsa an jira. Tun da ya fara bai sake kwanciya ba, Alhamdu lillahi, ya koma makaranta yana ƙwallo da ƴan uwansa, ina binsa da gorar ruwa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wannan. Tun da aka rage kuɗin asibiti a 2024, abin da asusun ke fitarwa a kan gado da gwaji ya ragu, zubinmu kuwa bai ragu da ko dala ba. A babban taron da ya wuce ma'aji da kansa ya karanta cewa an samu rara. Na miƙe na ce a ware wani abu daga rarar a yi asusun hanya: duk yaron da likita ya rubuta wa takardar turawa, a biya masa tikitin zuwa da dawowa shi da mai rakiya ɗaya. Na kuma nemi a sa Hydrea cikin jeri. Wani malami ya ce in aka buɗe wannan ƙofa gidaje biyar za su cinye zubin gidaje ɗari. Wasu dattawa suka ce su ma maganin hawan jini da na suga kullum suke sha, kuma ba ya ciki, don me za a fara da yara. Maganarsu tana da hujja, ban raina ta ba, asusu ƙarami ne kuma in ya karye kowa ya rasa. Amma na ce su duba littafinsu su ga nawa suka kashe wa ɗana a shekarar da yake ta kwanciya, su gwada da shekarar nan da yake shan maganin. Asusun yana biyan gado da ruwa da allura ba tare da musu ba, ya ƙi biyan abin da ke hana a kai ga gadon. An ce kwamiti zai duba, an ɗage maganar zuwa taro na gaba, kuma zan sake miƙewa.

Ina rubuta wannan ina sane da cewa mu masu albashi ne, komai ƙanƙantarsa. A harabar babban asibitin ƙasa na Damagaram da cibiyar kula da uwa da yaro za ka ga mata daga Tanut da Gure da Mirya da Dungas, an turo su daga ƙaramin asibiti zuwa na gunduma, daga can zuwa nan, da tabarma da ƙullin gari. Su wannan garin shi ne Yamai ɗinsu, sun riga sun sayar da akuya kafin su iso. In aka ce musu a wuce gaba, wurin masu aikin zuciya ko asibitin yara na CURE a Yamai da ke gyaran ƙafa da leɓe, da yawa gida suke komawa su ce sai bayan kaka. Ba su da albashin da za a cire wa jika ɗaya da rabi. A Magarya ƙungiyar likitocin MSF ta daɗe tana tallafa wa sashen yara, musamman lokacin zazzaɓi da tamowa, amma yaro mai shekara 8 da ke bukatar ƙwararre a nesa ba shi da kowa sai iyayensa. Duk gyaran da za a yi wa tsarin biyan kuɗin lafiya a ƙasar nan, in bai taɓa kuɗin hanya da yaran da suka haura shekara 5 da ciwo mai daɗewa ba, waɗannan matan ba za su ji shi a jikinsu ba.

Ga abokan aikina da ke shawarar shiga, ku shiga. Kafin ku sa hannu ku ce a ba ku jerin magungunan ku kai wa likitan yaronku ya duba ko nasa yana ciki, ku kuma karɓi lambar ma'aji da ta mataimakinsa ku ajiye a wayar maigida da ta uwargida. Wanda yake da yaro mai ciwo irin na ɗana kada ya jira sai ya cika shekara 5. Saboda watanni 3 na jira, a rubuta sunansa tun yana shekara 4 da wata 9, don ranar da kyautar gwamnati ta ƙare ta tarar da katinsa ya riga ya fara aiki.